Motar Gleb a Gangaren Kogi

Abin da Gleb ya yi ranar nan ba kuskure ba ne, rashin imani ne tsagwaronsa. Ya ga tsoho tsaye a gefen hanya yana ɗaga hannu, cikin sanyin da ke daskarar da miyau kafin ya kai ƙasa, ya ƙara wa mota wuta ya wuce. A wannan yanki na Sibiriya ko ɓarawo ba ya wuce motar da ta mutu a hanyar hunturu.

Matarsa Zoya ta juya tana kallo ta gilashin baya har dusar ƙanƙara ta shanye mutumin.

"Gleb, Baba Kuzma ne fa, maƙwabcinmu! Matarsa Inna Fenya tana cikin motarsa, asibiti zai kai ta."

"Na gan shi."

"Ka gan shi?"

"Wata motar za ta zo."

"Tun da muka bar gida mota nawa ka gani? Juya, don Allah."

Gleb ya shafa farar fatar kujerarsa kamar mai shafa jariri. "Kin manta ƙarnin kifin da ke jikin tsohon nan? Sabuwar mota ce fa. In ya zauna a nan, har bazara ba za mu daina jin sa ba."

Zoya ta dube shi. Ta dubi ƙaton wuyansa, da hular gashin da ya saya don ta dace da launin motar. Wannan tsohon shi ya haƙa kabarin uban Gleb a daskararriyar ƙasa, yana hura wuta a kanta tana narkewa kaɗan-kaɗan. Ba ta faɗa ba. Gleb ya sani.

"To sassauta gudu, mun kusa gangaren kogi."

"Ke dai zauna ki sha kallo. Ƙafa huɗu take ja, ba irin akwalar ƙanenki ba ce."

Gaskiya ne tana ja. Ta haye tudu kamar akuya, shi kuwa yana ta washe baki. Amma jan ƙafa huɗu tafiya yake sawa, ba ya sa tsayawa. Da suka kai inda hanya ke gangarawa ta hau kan daskararren kogi, ya taka birki. Motar ta sulale kamar faranti a kan tebur mai maiƙo, ta juya gindi gaba, ta bar hanya, ta zurma cikin tarin ƙanƙarar gaɓa har ƙofa.

Ba wanda ya ji ciwo. Gleb ya yi ta ba ta wuta, tayoyin huɗu suna haƙa wa kansu rami tare. Ya fita ya zage ta, ya shure ta, ya dawo yana hura hannu. Waya ba ta kamawa a nan. Zoya kuwa tsofaffin take tunani, a cikin motar da ba ta da ɗumi.

An daɗe ƙwarai kafin babbar motar katako ta sauko gangaren a hankali, sarƙa a tayoyinta. Ta tsaya. Direban, Rinat, ya leƙo.

"A'a, mai ƙafa huɗu! Yau kuma kwanciya aka yi?"

"Rinat, ɗan'uwa, fito da igiya ka ja ni."

"Ku hau. Mutum nake ɗauka."

Zoya ta fara hawa. Inna Fenya tana kwance a gadon bayan direba cikin bargo, numfashinta yana fita da ƙyar. Baba Kuzma yana zaune, ya tura hannunsa na dama cikin rigarsa. Da ya zaro shi don ya matsa mata, ta ga yatsun sun daskare don sanyi, sun yi fari fat kamar kyandir. Da hannu tsirara ya yi ta fama da injin.

"Baba..." in ji Zoya.

"Zauna, 'yata. Ba ke ce da tuƙi ba."

Gleb ya hau a ƙarshe. Wuri ya ƙare, dole ya matse a jikin tsohon, kafaɗa da kafaɗa, hancinsa a kan rigar kifin.

"Wallahi ban gane ku ba ne, Baba. Dusar ta yi yawa."

"Ƙarya yake yi," in ji Zoya. "Ya gane ku. Kujerarsa ya ji wa tsoro."

Suka haye kogin. A ƙofar asibiti Zoya ta sauka ta riƙe Inna Fenya. Gleb ya kira ta, ba ta waiwaya ba. Daga nan gidan yayarta ta wuce, can take har yau.

Inna Fenya ta warke. Baba Kuzma an yanke masa yatsu biyu.

Gleb ya bi duk mai tarakta a ƙauyukan gaɓar. Kowa ya ba shi shayi, kowa ya ce tasa ta lalace. Da bazara ta shigo ƙanƙara ta fashe, kogi ya tafi da motar.