Kabarin Uban Wa?

Ranar da Sabuwar Ƙaura za ta zaɓi mai garinta na farko, wakilin hakimi ya ce kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Malam Ɗahiru kafinta bai waiwaya ba, amma yana jin takun samari suna taruwa a bayansa. Su suka matsa masa ya fito, don sun gaji da dattawan da rijiyar burtsatse za ta lalace shekara guda, su zauna a inuwa suna cewa Allah ya kawo mai gyara.

Sai Alhaji Badamasi, abokin takararsa, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a dakata. Mutumin nan Badamagare ne, daga Nijar ya zo da zarto a kafaɗa. A al'adarmu, mai gari sai wanda zai nuna kabarin ubansa a ƙasar garin. Ya nuna!"

Ɗahiru ya ji takun bayansa ya canja, wasu sun fara zamewa. Tun yana saurayi yake nan, babu ƙofar da ba shi ya kafa ba, babu mamacin da ba a makarar da ya ƙera aka ɗauka ba. Yau ga shi da furfura, ana ce masa baƙo a gaban jikokinsa.

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji shi. "Ubana yana Damagaram. To kai nuna mana naka."

"Kai, tsohon nan! Wa bai san ubana ba?"

"Na san inda yake. Duk jajibirin Sallah, a kwalekwalen da na sassaƙa nake tuƙa ka tsakiyar dam ɗin Tiga, ka yi masa addu'a a kan ruwa."

Wani ya yi salati. Kowa a wurin ya san maganar: tsohon ƙauyensu da makabartarsa suna ƙarƙashin ruwan nan tun da gwamnati ta tashe su ta kawo su wannan tudu.

Ɗahiru ya nuna gabas da hannu. "Kabarin farko da aka haƙa a makabartar can, na matata Bushira ne. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, bai taɓa taka garin nan ba."

Badamasi ya dubi wakilin hakimi, shi kuwa ya shiga gyaran hularsa.

Daga bayan dangar da mata suke leƙowa, Inna Kaltume, yayar Badamasi, ta ɗaga murya. "Badamasi, ka bar maganar kabari, kada ka sa mu kuka. A ƙirga mutane!"

Aka ƙirga. Layin Ɗahiru ya ɗara, ba da yawa ba. Sai a lokacin ya waiwaya. Bai yi jawabi ba, ya tambayi samarin wa ke da mabuɗin ɗakin injin rijiyar.