Taken Arzika

A gabana aka yi cinikin, a kasuwar Bodinga, shekarar da Turawa suka miƙa mulki. Ni dillalin dabbobi ne, shi ya sa aka kira ni shaida. Wata mata, Inno, ta zo daga Shagari da tunkiya a igiya, ta ce wa Bala mai gangar noma tunkiyar tasa ce in ya sa mijinta ya yi magana, ko da kalma ɗaya. Mijin, Arzika, manomi ne da aka yi ji da shi. Ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya tafi da harshensa. Wata bakwai yana kallon mutane kamar mai kallon ruwa na wucewa. Bala ya yarda, da sharaɗin kada kowa ya yi tafi ko ya buɗe baki.

A hanya ya gaya mini dabararsa. Wai kunne ba ya jira, gaba yake shiga: wanda ya san kiɗa yakan ji bugun da ke tafe tun hannu bai sauka ba, in kuwa ka hana shi, sai ya nemo abinsa da kansa. Ya ce in abin ya ci, duk mako za a aiko masa, kafin damina ya tara garke.

Muka tarar da Arzika a inuwar rumbu bayan la'asar. Bala ya fara takensa, wanda ake yi masa a gona tun yana saurayi. Abin da gangar ke faɗa shi ne: Arzika ya duƙa, Arzika bai taso ba, rana ta gaji. Sau uku ya kai shi ƙarshe, a hankali, har na ga kamar gero na kaɗawa a tsakar gidan. A na huɗu ya zo daidai gaɓar ƙarshe, ya bar hannunsa a sama.

Na je Gwanja, na hau jirgin ƙasa, ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Ji na yi kamar na sauko daga kan raƙumi na tarar ƙasa ba ta inda na bar ta. Kaji ma sun tsaya. Wuyan Arzika ya motsa, leɓensa ya yi rawa, sai wata murya ta fito kamar daga cikin rijiya.

"Rana... ta gaji."

Inno ta durƙusa gabansa. "Malam, ashe kana nan ciki," in ji ta. Ta miƙa wa Bala igiya ba tare da ta dube shi ba.

Bala ya jira aike, mako ya wuce, wata ya wuce. Da na bi ta Shagari sai na ga dalili. Inno na daka, tana buga taken da taɓarya, in ta zo gaɓar nan sai ta riƙe ta a sama tana murmushi, Arzika ya cike gurbin da bakinsa. Daga baya har sunanta ya kama.

Da na ba Bala labari sai ya ce, "Ai da na sani, da na ce ta shiga ɗaki."

Inno ta ci riba, ta sami muryar mijinta kullum da tunkiya guda. Bala ne ya faɗi, ya sayar da sirrin sana'arsa a kan dabbar da ko haihuwa ba ta yi masa ba.