Karɓo Sabulu a Kachia

Ni dai tun ranar da yayana Azariya ya fara tura Afiniki Kachia na gaya masa abin nan ba zai ƙare lafiya ba. Bai ji ba. Azariya ba ya jin maganar mace, balle ta ƙanwarsa.

Afiniki 'yarsa ce ta fari. Shekararta sha shida ta haihu, tana aji huɗu a sakandare. Samson, yaron da ya yi mata cikin, dakon buhunan citta yake yi a kasuwar Kachia, iyayensa kuma suka ce ba su da halin aure yanzu. Coci ta sa ta a horo, sai zaman bencin baya, ba ta cin jibin Ubangiji. Ni kuwa na yi mata alkawari, da zarar ta yaye yaron zan ɗauke ta zuwa wurina a Kafanchan ta ƙarasa makaranta. Da maganar nan yarinyar take kwana, da ita take tashi.

Amma Azariya ya rantse ko sabulu ba zai saya wa jikan da ba a biya sadakin uwarsa ba. Duk ranar kasuwa sai ta goya yaro, ta hau mota ita kaɗai, ta je gidan su Samson karɓo sabulu da garin koko. Wai don su ji kunya. Wace kunya? In ta rasa motar dawowa can take kwana, kowa kuma ya sani.

Na ja uwarta Hellen gefe, na ce mu kai ta asibiti a sa mata abin tsarin iyali a damtse.

"Haba Martina," ta ce. "Yarinya tana horo, sai matan zumunta su ji mun sa mata wannan? Ai cewa za su yi mun ba ta lasisi."

Na yi faɗa har muryata ta dishe, na koma Kafanchan da takaici.

Da hutu ya kusa ƙarewa na samar wa Afiniki gurbi a makarantar unguwarmu, na ɗinka yunifom, na taho ƙauye. Na same ta a bayan ɗaki tana wankin tsumman yaro. Ta gaishe ni ba ta ɗago ba. Da ta miƙe ta kama ƙugu, sai na gane wani cikin ne. Ni ma na haihu, na san wannan miƙewar.

"Na Samson ne?" na tambaye ta.

Ta gyaɗa kai. "Anti, in ban shiga ɗakinsa ba, ba ya ba ni komai. In na dawo hannu wofi kuma Baba ya ce in koma."

Wallahi kuka na yi, ita ba ta yi ba. Ta karɓi yunifom ɗin, ta duba ɗinkin, ta ninke shi da kyau.

"Ki tafi da Irene," ta ce. Irene ƙanwarta ce mai bi mata, ta gama aji uku, kanta na ja sosai. "In aka rage tsawon zai yi mata."

Na nufi madafa na gaya wa Hellen. Tana tuƙa tuwo, ba ta ko tsaya ba.

"Irene ba ta zuwa ko'ina," ta ce. "Yara za su zama biyu. Wa zai goya babban?"