Da Fankokin Suka Yi Shiru

Auta ce ta rubuta 'yar manhajar da ke kula da injin ƙyanƙyasar Kawunta. Idan an kwashe 'yan tsaki, sai a buga sunan manhajar a baƙin allon kwamfuta, ta duba zafin injin, ta kashe hita da fankoki, ta kulle shi har ya huce a wanke.

Ran nan da hantsi Yaya Dogo, ɗan Kawu, ya shigo ofis yana lilo da waya.

"Auta, abin nan naki ya iya karanta zafi. So nake sabuwar manhajata ta ari wannan ɓangaren kawai, in riƙa dubawa daga gado."

"Kai dai komai sai daga gado," in ji ta, amma ta ja kujera.

Ta shirya fayil ɗin yadda wata manhaja za ta iya jawo shi, ta rubuta layin gwaji, ta danna.

A bayan bango, ƙugin fankokin injin da kunnenta ya saba da shi ya yi ƙasa, ya ɗauke.

Ƙwan da ke injin sun kusa ƙyanƙyashewa, wasu har sun fara tsagewa. Sanyi kaɗan ya isa ya kashe 'yan tsakin a cikin ɓawo, ga shi Kawu ya yi tafiya, a hannunta ya bar su.

"Me kika taɓa?" Dogo ya tambaya a hankali.

Manhajar ba ta san bambancin a kira ta aiki da a zo aro ba. Da aka jawo ta, sai ta bi layukanta daga sama har ƙasa, har umarnin kashewa.

Auta ta buga umarnin kunnawa. Allon ya ce injin a kulle yake sai ya huce.

Gwaggo, matar Kawu, ta leƙo da ludayi a hannu. "Wuta aka ɗauke?"

"A'a, Gwaggo."

"To me ya sa gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa?"

Gwaggo ta dubi fuskokinsu, ta ajiye ludayin, ta ce Dogo ya kwaso barguna a lulluɓe injin. Auta na neman layin kullen, tana buga harafi tana gogewa. Lambar zafin ta sauka, ta ƙara sauka. Da ƙyar ta samo layin, ta cire shi, ta kunna. Fanka ɗaya ta yi tari, sauran suka bi.

"Bar shi haka," in ji Dogo, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Na fasa. Zan riƙa tashi."

"Gobe wani ya jawo ta fa?" in ji Auta.

Ta tattara umarnin kashewa ta sa shi ƙarƙashin sharaɗi: in mutum ne ya kira ta da sunanta a baƙin allo, ta yi aikinta, in wata manhaja ce ta zo aro, ta ba da abin da aka nema ta zauna shiru. Ta mayar da kullen.

Saura gwaji. Ta daɗe da yatsa a kan madannin, Gwaggo na tsaye a kanta tana motsa leɓɓa. Ta danna.

Lambar zafi ta fito a wayar Dogo. Ƙugin bai ɗauke ba.

Auta ta tashi, ta ɗaga bargo, ta manna kunne a jikin injin. Babu komai sai fankoki. Can sai ta ji wani siririn kuka daga ciki, wani ya amsa masa daga tiren ƙasa.