Fentin Dutsen Baba

Wajen ƙarfe goma ne na safe, hadarin ƙarshen damina ya haɗu a gabas ya ƙi zubowa, sai zufa. Ina rumfarmu a kasuwar Azare ina auna riɗi, ma'aikatan duba awo suka iso.

Rumfar ta Baba ce, Malam Bunu. Shekara ashirin da biyu yana sayen riɗi a hannun manoma, da sikeli mai kwano biyu da dutsen ƙarfe na kilo ashirin. Da idonsa ya mutu sai na karɓe shi. Taƙamarsa a duniya ɗaya ce, bai taɓa cin ƙwayar wani ba. Don kada tsatsa ta ci dutsen, duk shekara kafin kaka yakan shafa masa baƙin fenti. Haka na tarar, haka nake yi.

Shugabar ma'aikatan, Madam Kezia, ta buɗe wani akwati. Nata duwatsun farare ne ƙal, ba ta taɓa su sai da safar hannu. Ta gwada na'urar awonta da su, sannan aka ɗora namu. Aka sauke, ta goge shi, aka sake ɗorawa, har sau uku.

"Wa yake masa kwalliya?"

"Ni ne, Madam. Saboda tsatsa."

Ta kankare gefensa da wuƙa. Fenti ya ɓantaro hawa-hawa kamar ɓawon albasa.

"Ya ɗara da giram ɗari uku da goma. Fenti ma nauyi ne, ɗana."

Bubayero, wani manomi daga Giade, yana tsaye da buhunsa. Ya ce, "Wato duk awo ɗaya, tafi biyu na riɗina sadaka nake ba ku? Dutse da babbar riga, ni taguwa ta gagare ni."

Aka yi dariya marar daɗi. Ya saɓa buhunsa ya yi gaba. Madam kuma ta tafi da dutsen.

Na so in ɓoye wa Baba, amma labari ya riga ni isa gida. Na same shi a zaure, abincinsa a rufe.

"Uzairu, gaskiya ne?"

"Baba, ai ba da gangan ba ne."

"Ban tambaye ka gangan ba. Riɗin ya shiga buhunmu ko bai shiga ba?"

"Ya shiga."

Can ya fara kiran sunayen masu kawo masa kaya tun da, ni ina amsawa. Ɗanladi na Sakwa ya rasu. Yelwa na Udubo ya rasu bara. Sha'aban ya tashi da iyalinsa, ba wanda ya san inda ya nufa. Da muka kai goma na daina amsawa, shi bai daina kira ba.

"Gobe ka kai ni Giade. Waɗanda suka rage, in roƙe su gafara tun ina da baki."

Washegari a tasha motar ta cika, saura baya kan kaya. Bubayero, wanda ya kwana a gari, yana zaune gaba kusa da direba. Ya dube ni, ya dubi Baba da sandarsa. Ya sauko bai ce komai ba, ya kama hannun Baba ya zaunar da shi a wurinsa, ya tattara masa bakin riga, ya rufe ƙofa. Sannan ya zaga baya ya haye kan buhuna.

Baba, da ya ɗauka ni ne, ya juyo wajen taga ya ce, "Uzairu, ka riƙa jan ƙofar mutane a hankali."