Matakala Shida

Rinske ta ɓamɓaro ƙaramin ginin daga kan injin da ke buga siffofi da narkakkiyar roba tun bai huce ba, ta runtse ido, ta bi shi da yatsa kamar yadda 'yarta za ta yi. Makarantar da Jildou za ta fara zuwa ranar Litinin ce, aka rage ta ta koma faɗin tire. Yarinyar shekararta tara, ba ta gani tun haihuwa, da hannu take haddace wuri kafin ta taka shi.

Bango ya yi ƙuraje. Zaruruwan roba sun ratsa baranda kamar saƙar gizo-gizo. Ƙofar aji ta tsuke, ko farce ba ya shiga.

"Na biyar ke nan," in ji Baba Tjeerd, tsohon da ke kula da injin a ɗakin karatun unguwa, yana kurɓar kofi. "Ki ƙara biyu ki kafa gari, mu naɗa ki magajiya."

Ba ta yi dariya ba. A na farkon da ta buga, matakalar ƙofar baya ta narke ta haɗe, shida ta koma huɗu. Jildou ta haddace huɗu. Ranar da suka je ganin makarantar ta saki hannun uwarta, ta sauka huɗu, ta miƙe tafiya ba ta ko jira sanda ba. Ɗinki uku aka yi mata a haɓa.

"Ƙurajen nan danshi ne," in ji tsohon. "A kwandon keke kike ɗauko robar, ruwa na dukanta. Zan sa miki tawa. Zaruruwan kuma zafi ne ya yi yawa, sai mu rage."

"Matakalar fa, Baba?"

"Ita ce kika ƙi jin magana a kanta. Kin rage komai daidai wa daida, tudun kowace matakala ya koma bai kai kaurin layin da injin ke shimfiɗawa ba. Sai kin yi wa ginin ƙarya. Ki ƙara mata tsayi, ki buɗa ƙofofin fiye da yadda suke."

"Ƙarya ce ta fasa mata haɓa."

"Ma'auninki ne ya fasa, 'yata. Yatsa ba ruwansa da lissafi."

Ta zauna ta gyara. Akwai alkawarin da ta ɗauka a asibiti, lokacin da yarinyar ke kuka ba don ciwon ba: in ginin ya fito daidai, kuma ta gane hanya, ranar Litinin ita kaɗai za ta shiga.

Da la'asar ta dawo ta tarar na shidan ya fito sumul. Ta auna ƙofofi. Ta ƙirga matakala da ido, ta ƙirga da farce. Ta juya shi, ta kai shi gaban taga, ta sake juyawa.

"Babu aibi," in ji Baba Tjeerd. "Na ga kina nema."

Kwandon shara na gefen ƙafarta, na biyar kwance a ciki. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta cire gyalen wuyanta ta naɗe na shidan, ta tura keke cikin yayyafi.

A teburin kicin Jildou ta ture burodinta, ta ɗora hannu biyu. Yatsa ya shiga ƙofa, ya bi baranda, ya wuce aji, ya kai matakala.

"Shida," ta ce. "Mama, ranar Litinin a bakin get za ki tsaya. Kuma ban da leƙe ta shinge, ina jin ƙarar takalminki."

Rinske ta dubi zaren ɗinkin da ke haɓarta.

"Sake ƙirgawa," ta ce.

Yarinyar ta sake, a hankali, don uwarta ta ji. Shida ce.