Jelar Tsuntsun Wimal

Ranar sadakar wata uku da rasuwar mijina Wimal, sufayen addinin Buddha na gama cin abinci suka koma haikali, sai Tissa ya jawo kujera kusa da ni. Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye. Ni da shi da Ranjani ne muke tantance duk hoton da aka kawo.

"Akka," ya ce, don tun muna jami'a ya mai da ni yayarsa, "maganar tsuntsun Wimal ce. Ni da Ranjani mun yarda. Saura ke."

Ya miƙo mini wayarsa. Hoton da Wimal ya ɗauka ne a fitarmu ta ƙarshe cikin teku daga garin Mirissa. Baƙin tsuntsu, fiffike a miƙe, bayansa ruwa zalla. Iri biyu ne masu kama kamar an tsaga kara. Akwai mai doguwar jela, wanda muke gani har mun daina ɗaga kai. Akwai mai gajeriyar jela, wanda babu wanda ya taɓa kawo wa ƙungiya hotonsa. Wimal ya tsufa yana amai a jiragen masunta saboda shi. In na sa hannu cewa wannan mai gajeriyar jelar ne, za a ce Wimal ya fara samo shi, kuma ba shi da wani abin da za a ce shi ya fara.

"Dubi ƙafar," in ji Ranjani, bakinta cike da ayaba. "Ta zarce jela. Kowane littafi haka ya ce."

"Littafi bai taɓa shiga jirgi ba. Tsuntsu in ya karkace, jelarsa takan shige, kamar yadda tumbin Tissa ke ɓacewa in ya ga mai hoto."

"Haba Akka, har yau ɗin ma?"

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Tun da aka ƙone gawar ban ji komai ba, ko gishirin miya.

Na ce, "Wimal ba ya ɗaukar hoto ɗaya. Danne yatsa yake yi kamar mai kashe kuɗin cizo. Ina na gaba da wannan?"

Tissa ya sunkuyar da kai. "Wannan kaɗai ya turo, daga asibiti. A bar shi haka mana. Mutum ya tafi. Wa zai cutu?"

Na tashi na ɗauko kyamarar Wimal daga cikin kabad, inda take tun ranar da ya rasu. Ta kunnu. Na nemo hoton, na danna gaba.

Tsuntsun ya juyo. Jela doguwa, mai tsini, ta wuce ƙafar nesa. Na sake dannawa. Shi ne dai, ɗan gida, wanda ke bin kowane jirgin kifi. Ko Wimal ya duba waɗannan, ko bai duba ba, ban sani ba.

Na sake dannawa. Babu tsuntsu. Wata tsohuwa ce a kan bencin jirgi, tawul a ka, guntun citta a hannu, baki a sake. Sai da na daɗe ina kallo na gane ni ce. Ban san Wimal ya juyo ya ɗauke ni ba.

Ranjani ta ajiye ayabar ta fara kuka.

"To a ce hoton bai isa a yanke hukunci ba," in ji Tissa a hankali. "Ai ba ƙarya muka yi ba."

"Ya isa. Mai doguwar jela ne. Haka za ka faɗa wa ƙungiya."

"Wallahi da dutse aka yi ki, Akka."

"Wataƙila."

Ya mayar da wayarsa aljihu. Na sake duban tsohuwar, ina jira in ji wani abu. Abin da na gani kawai shi ne teku ya karkace hagu. Duk hotunansa haka suke, na yi ta faɗa masa.

Na kashe kyamarar, na fara tattara kwanukan sufaye.